Koriyar Ƙofar Kaka

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da Ɗan Kumatu. Haƙoran nasa sun fito, ko har yanzu yana jiƙa miki kafaɗa da miyau? Mu ma nan lafiya lau, sai kewarki. Umma da Baba suna gaishe ki. Kaka ta tambaye ki jiya, wai kin tafi makaranta kin ƙi dawowa da wuri.

Ki yi haƙuri da rubutuna. Na san za ki ce me ya hana ni faɗa miki a waya. Kin san wayar a hannun Baba take, kuma da ya miƙo min sai kowa ya yi tsit yana saurare, ni kuma sai bakina ya ɗaure, in yi ta ce miki lafiya lau har in mayar masa. Shi ya sa na ba direban nan abokin Baba wannan takarda.

Yaya, za a sayar da gidanmu. Motar Baba ta mutu murus, makanike ya ce injin ya gama aikinsa a duniya. Baba ya ce tunda kin yi aure, su Yaya Babba ma sun tafi, gidan ya yi mana yawa. Zai sayi ƙarami a bayan gari, abin da ya rage ya nemi wata motar. Umma kuwa tun ranar take goge abin da ta riga ta goge. Ni ma na kasa zama wuri ɗaya. In na shiga ɗaki sai in ji ina son tsakar gida, in na fito sai in rasa abin da ya fito da ni.

Shekaranjiya Baba ya kawo dillali, wani dogo mai tsinke a baki. Bai ma shigo ba da farko. Tsallaka titi ya yi, ya goya hannu a baya yana kallon gidan kamar mai duba mara lafiya. Ina leƙensa ta hujin nan na get. Wai mai saye tun yana cikin mota yake yanke shawara, kafin ya sauke ƙafa. Wai katangarmu kamar mai ƙyasbi, kwatarmu kuma ita take fara yi wa baƙo sannu da zuwa. Baba yana ta dariyar da ba ta kai ciki ba.

Daga nan ya zo zai shigo ta ƙaramar ƙofar get. Ya tura, ta ƙi. Ya sa kafaɗa, ta ƙi. Ina tsaye a bayanta, na san abin da zai yi ta buɗe, amma na kasa faɗa. Ana cikin haka sai ga Kaka ta dawo daga wurin ƙawarta mai sabulu. Ta ture shi da sanda, ta ɗaga mariƙin sama, ta shuri ƙasan ƙofar da ƙafa, ƙofar ta yi kukan nan nata ta buɗe. Tana shigowa ta ɗaga murya kamar kullum, wai kai ɗan nan, yaushe za ka gyara ƙofar nan? Baba ya ce gobe, Inna. Kin san tun ranar da ya daki ginshiƙin get ɗin da bayan mota, kafin a haife ni, yake cewa gobe.

Dillali ya tofar da tsinkensa ya ce get ɗin nan shi ne farkon abin da zai tafi.

Yaya, abin da ya hana ni sukuni ke nan. Kin tuna likita ya ce idon Kaka ya yi yana, launi kawai take gani da inuwa, ga mantuwar tana ƙaruwa. Ni nake raka ta da ido kullum da safe. Ba ta san lambar gida ba, ba ta gane fuskar maƙwabta. Tafiya take a jikin katanga har sai ta ga kore, sai ta tsaya. Koren fentin nan da marigayi Kakanmu ya shafa wa get ɗin da hannunsa shi ne gida a wurinta. Na so in faɗa wa Baba. Na je har gabansa, ya ɗago ya ce mene ne, sai na ce ko in kawo masa ruwa.

Ki gaishe da maigidanki, ki ja min kumatun yaron nan a hankali.

Ƙanwarki,
Kunkuru

Yayata abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya rainon Ɗan Kumatu? Na ga amsarki, na karanta ta har takardar ta yi laushi. Kin ce in daina shigar da kai cikin ƙoƙo, in buɗe baki. Yaya, faɗa ya fi yi sauƙi. Ba banza Kaka ta sa min wannan suna ba.

An fara aiki. Da kin zo yanzu sai kin riƙe baki. Birkila ya toshe tsagar nan da take bin katanga daga sama har ƙasa, ya yi wa kwata murfin siminti. Ni da Umma muka kankare tsohon fenti, ita da wuƙar da ta dakushe, ni da guntun langa-langa. Farar ƙura ta cika min gashin ido, hannuna ya yi kanta. Ba na jin gajiyar sai na zauna, shi ya sa ba na zama.

Mai fentin wani gajere ne mai yawan waƙa. Yana kan tsani yana rerawa, fenti yana ɗiga masa a gemu. Kullum sai ya tsokane ni, wai 'yar gida, ko an yi miki kuɗin magana ne ba a biya ba? Sai in sunkuyar da kai in riƙe masa tsanin da kyau.

Za ki yi dariya. Dillali ya ce ƙofar gida tana son ɗan ganye, sai Umma ta je ta aro tukwanen furanni wurin maƙwabciyarmu malamar asibiti. An jera su a bakin get kamar mu muka shuka. Malamar ta ce in ɗaya ya bushe, da ni za ta yi shari'a. Yanzu ina shayar da furannin aro safe da yamma, ina tsoronsu fiye da yadda nake tsoron jarrabawar shiga aji ɗaya.

Launin ma dillali ne ya zaɓa. Ruwan madara a katanga, baƙi a get, wai shi ake yayi. Gaskiyarsa ne kuwa, don duk layinmu haka suka yi. Jiya Umma ta aike ni kanti, da na juyo na dubi layin sai na ga gidajen sun jeru kamar ƙwai a kiret. Ni da idona garau sai da na wuce gidanmu da taku kaɗan, furannin ne suka dawo da ni.

An cire get ɗin, Yaya. Mai walda ya zo da sabo, ya kwance tsohon ya ɗora a kura ya tafi da shi. Baba ya bar masa a cikin ladan aiki. Ina tsaye ina kallon koren yana nisa har suka sha kwana. Sabuwar ƙofar da yatsa ɗaya ake buɗe ta, ko ƙara ba ta yi. Baba ya yi ta buɗewa yana rufewa yana murmushi, ya ce wa Umma yau dai goben ta zo. Rabon da in ga ya ji daɗin wani abu tun mutuwar motar. To ta yaya zan zo masa da maganar da za ta ɓata wannan?

Na gwada Umma. Tana wanke bokitan fenti na ce, Umma, Kaka fa. Ta ce Kaka me, ba ta ko ɗago ba. Na ga jijiyoyin hannunta sun tashi, sai na ce ba komai.

Tun da aka fara aikin ba a bar Kaka ta fita ba, saboda tsani da ɗanyen siminti. Kullum da safe sai ta yafa mayafi ta ɗauki sanda ta yi ta zagaya tsakar gida, ni ina binta. Idan ta gaji ta zauna, sai ƙafarta ta ci gaba da motsi. Gobe za a kwashe tsani, jibi za ta fita. Na yanke shawara ba zan ce wa kowa komai ba, zan dai bi bayanta har ta dawo. Wannan ai ba ya buƙatar baki.

Ki sa mu a addu'a. Umma ta ce in tambaye ki ko zanen da ta aiko ya isa.

Taki har kullum,
Kunkuru

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Kafin ki karanta sauran, ki sani an ga Kaka, tana nan tare da mu. Na fara da wannan don kada zuciyarki ta buga.

Ban bi ta ba, Yaya. Na shirya, har na sa takalmi. Tana ɗaukar sanda sai ga dillali da wayarsa, wai zai ɗauki hoton gida yanzu da hasken safiya yake da kyau. Ya ce 'yar nan, kwashe bokitan can, share nan, matsa da tukunyar can. Ƙofa a buɗe, Kaka ta wuce ta gabanmu. Kalma ɗaya ce ta rage in faɗa, in ce ina zuwa. Ban faɗa ba. Na yi ta shara da sauri ina waiwaye, shi kuma yana ta nemo wani abin da zan matsar.

Da ya tafi na ruga wurin mai sabulu. Ta ce ai ƙawarta ta daɗe da tafiya, ko tabarmar ba ta ɗumama ba. Na dawo gida da gudu, ba ta nan. Umma ta saki tsintsiya. Baba ya fita ba hula, ya nufi tasha da asibiti, Umma ta bi gida gida tana sallama. Ni aka ce in zauna ko za ta dawo. Na kasa. Na bar gidan a buɗe na fita.

Rana ta take. Ina ganin mutane, ina so in tambaye su, ina wucewa. Sai da na zagaya layin har ƙafata ta fara zafi sannan na tsaya gaban mai gyaran takalma da yake zama a tsallaken titi. Ban san yadda maganar ta fito ba. Ya ce ai ya gan ta da hantsi. Ta zo daidai ƙofarmu ta tsaya, ta taɓa get ɗin da sanda, ta ɗaga kai ta duba, sai ta ci gaba da tafiya. Shi ya ɗauka wani wurin za ta. Yaya, ta zo har gida, gidan ne bai amsa mata ba.

Can sai na jiyo ana dukan ƙarfe daga bayan kasuwa, sai wani abu ya faɗo min a rai. Na kwasa da gudu, takalmina ɗaya ya tsinke na ɗauke shi a hannu.

Shagon mai walda a rufe, ya fita aiki. A gefen shagon, cikin tarin tsofaffin ƙarafa, an jingina get ɗinmu da bango. Kaka tana zaune a gabansa kan wata tsohuwar taya, sandarta a cinya. Mai facin tayar da ke kusa ya ba ta ruwa, ya kafa mata kwali ya tare rana. Ya ce tun ɗazu take ɗaga mariƙi tana shurin ƙofar, ya yi ta gaya mata bango ne a baya, ta ce masa ya kama harkar gabansa, ita ta san gidan mijinta. Babban yatsan ƙafarta ya fashe, jini ya bushe da ƙura.

Da ta ji muryata ta ce, Kunkuru, wa ya sa sakata da rana tsaka? Na durƙusa ina goge mata yatsa da gefen mayafina, kukan ma ya ƙi fita da sauti.

Da ƙyar muka taho da ita. A bakin sabon get ta turje, wai ita ba ta shiga gidan mutane ba sallama. Sai da Baba ya rungumo ta ya shigo da ita.

Bayan la'asar na ji Baba da Umma suna magana a ɗaki. Baba ya ce idan a layin da ta yi shekaru ta ɓata, a sabuwar unguwa sai dai a tsinto gawarta. Ya kira Goggo, sun gama magana. Da an sayar da gida za a kai Kaka wurinta. Kin san gidan Goggo, hawa na uku a bene, ita kuma tana fita aiki tun safe ta kulle ƙofa. Kaka da ba ta iya yini ba ta taka ƙasa ba. Wa zai tsefe mata kai? Wa zai san cewa idan ta ce tana jin sanyi, ruwa take so?

Ba wanda ya yi min faɗa, da ma an yi da na fi samun sauƙi. Ki rubuto da wuri.

Ƙanwarki,
Kunkuru

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ya jikin Ɗan Kumatu, zazzaɓin ya sauka? Allah ya ƙara sauƙi. Na gode da ba ki ce laifina ne ba. Kin ce za ki kira Baba ki roƙe shi. Don Allah kada ki kira tukuna. Ke ba ki ga abin da na gani ba, zai ce tausayi ne kawai na wanda yake nesa.

Yanzu get a kulle yake, makulli ɗaya a aljihun Baba, ɗaya wurin Umma. Kaka ta zama baƙuwa a gidanta. Kullum da safe sai ta naɗe kayanta a ɗankwali, ta je ta yi wa Umma godiya, wai an karɓe ta hannu biyu, Allah ya saka, amma yanzu a taimaka a kai ta gida kada a neme ta. Umma ta ce Inna, ai nan ne gida, ga gadonki, ga butarki. Ta ce ɗakin dai ya yi kama, amma ita ba ta ƙofarta ta shigo ba. Abincin ma kaɗan take ci, wai ba a cika ciki a gidan mutane.

Gidan ya samu mai saye. Wani mutum ne da matarsa, kuma kamar yadda dillali ya faɗa, tun daga mota matar take nuna furanni. Na ji kunya kamar in nutse, don suna tafiya na mayar wa malamar asibiti kayanta. Dillali sai washe baki yake, wai ya faɗa mana. Ban ji haushinsa ba, aikinsa ya yi. Gidan ya yi kyau ƙwarai, Yaya. Kowa ya gane shi yanzu sai mai shi.

Na yi ta zuwa shagon mai walda. In na kusa sai in wuce kamar an aike ni wani wuri, in zagayo, in sake wucewa. Har mai faci ya ce 'yar nan, ko titin kike aunawa? Rannan dai na tsaya. Mai walda ya ɗaga baƙin gilashinsa ya ce ina ji. Na ce ƙaramar ƙofar nake so. Ya ce in ɗaga murya, injin ya cinye masa kunne. Na sake faɗa. Ya ce ai cikin satin nan zai yanka get ɗin ya yi ƙarafan taga, kuma shi da Baba suka yi magana, ba da ni ba. In Baba ya zo da kansa, to.

Na dawo gida. Na wanke kwanukan da aka wanke, na ɗaure kwalayen da aka ɗaure. Washegari da safe na ga Kaka ta sake naɗe ɗankwalinta ta zauna a bakin ɗaki tana jira. Baba yana kan benci yana kwance fanka. Na je na tsaya. Ya ce mene ne. Na ji maganar nan ta ko in kawo masa ruwa ta taho bakina, na danne ta.

Ban kalle shi ba, ƙafarsa na kalla. Na ce Baba, Kaka ba hanya ta manta ba, ƙofa aka canja mata. Na gaya masa abin da mai gyaran takalma ya gani. Na ce duk garin nan ta bi da rabin ido ta nemo ƙofarta a cikin bola, wanda ya yi haka bai ɓata ba. Na ce in aka kafa ƙofar a sabon gida za ta gane shi, in kuma ba ta gane ba, ni zan riƙa bin ta, ba zan ƙara tsayawa shara ba ko wa ya sa ni. Na ce kada a kai ta bene. Ban tsaya ba sai da na kai ƙarshe.

Baba ya daɗe yana juya sukurudireba a hannu. Umma tana bakin kicin tana kallonmu. Sai ya tashi ya sa hula ya fita, ya kulle get ta waje.

Har yanzu da nake rubutun nan bai ce min uffan ba. Ya dawo, ya ci abinci, ya ci gaba da kwance fanka. Ban san ko ya je ba, ban san ko an riga an yanka ba. Ranar asabar za mu tashi, Goggo kuma ta aiko cewa ta share ɗaki.

Direba yana jira, dole in tsaya nan.

Ƙanwarki da ta rasa inda za ta sa kanta,
Kunkuru

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki daga sabon gida. Ya maigidanki, ya Ɗan Kumatu da sababbin haƙoransa? Mun tare lafiya. Gidan ɗaki biyu ne, katangar bulo ko shafe ba a yi mata ba, inda ƙofa za ta zauna kuma kwanon rufi aka jingina. Dillalinmu da ya gani sai ya suma.

Ranar tashi, ina miƙa kaya cikin mota, na ɗaga katifar Umma sai na ga kore a ƙarƙashi. Ƙaramar ƙofar ce, an yanko ta daga jikin get. Na juya na kalli Baba, ya ce me kike kallo, miƙo tabarmar can. Ya gaya wa Goggo ta dakata, wai zai gwada wani abu, in bai yi ba zai kawo Kaka da kansa.

Washegari mai walda ya zo kafa ta. Ni ina ciki ina yi wa Kaka tsifa, ina jin ƙarar guduma, raina fes. Da na fito sai na ga aikin da aka yi. Mutumin nan ya buge lanƙwasar ta miƙe, ya rataya ƙofar daidai, ya zuba mata mai. Yana tura ta da yatsa yana nuna wa Baba, ga gwangwanin baƙin fenti ya buɗe, wai kyauta ce daga gare shi don tsohuwa.

Yaya, ban san lokacin da na je na tsaya tsakaninsa da ƙofar ba. Na ce kada ya shafa. Ya ce to, a bar ta da tsatsarta. Na ce kuma ya sauke ta ta ɗan zauna a ƙasa, yadda sai an ɗaga an shura. Ya cire gilashi ya dube ni, ya dubi Baba. Wai tun da ya fara sana'a ba a taɓa kiransa ya ɓata aiki ba. Wai mutane za su wuce su ce wane makaho ne ya rataya wannan. Wai ashe yarinyar da ba ta magana, ranar da ta fara sai ta koya wa maƙeri ƙira. Ni dai ban matsa ba.

Baba ya kalli ƙofar. Sai ya ce a yi yadda ta ce. Mai walda ya ce shi bai ma san yadda ake lalata ƙofa ba. Baba ya ce shi ya sani, ai shi ya lalata ta da farko. Ya karɓi babbar guduma, ya auna kusurwar ƙasa, ya maka mata. Ya gwada, ya ƙara. Mai walda ya sassauta ta daga sama yana ƙunƙuni, ya goge man da tsumma. Aka tura, ta ƙi. Na ɗaga mariƙi na shura, ta yi kukan nan ta buɗe. Umma ta rufe baki da mayafi. Mai walda ya tattara kayansa ya ce in aka tambaya, kada a ce shi ne.

Da safe na yafa wa Kaka mayafi, ta ɗauki ƙullin kayanta, na ce zan kai ta gida. Muka fita, na riƙe hannunta har ƙarshen layi. Akwai wata mai sayar da zare a gindin bishiya, suka gaisa kamar sun san juna. Da muka juyo na zare hannuna a hankali, na koma bayanta. Baba yana tsaye a tsakar gida, ina hango hularsa ta saman katanga.

Ta kama jikin katanga tana tafiya. Ta wuce gida na farko. Ta wuce mai jan get. Ta zo daidai namu ta wuce da taku ɗaya, na buɗe baki zan kira ta, sai ta tsaya. Ta dawo. Ta taɓa koren da sanda. Ta ajiye ƙullin a ƙasa, ta ɗaga mariƙi, ta shura da ƙafar da ba ta da ciwo. Ƙofar ta buɗe.

Tana sa ƙafa ciki ta ɗaga murya, wai kai ɗan nan, yaushe za ka gyara ƙofar nan? Baba ya yi gyaran murya. Ya ce gobe, Inna.

Ta bar ƙullin a waje, ni na shigo da shi. Ta ci abinci ta nemi ƙari. Da rana na ji Baba yana gaya wa Goggo a waya ta mayar da kayanta ɗakin.

Ban ce an gama ba, Yaya. Mantuwar tana nan, jiya ma ta kira Umma da sunan wata da ba mu sani ba. Idan na fara makaranta, yawon zai koma yamma, kuma ina bayanta kullum. Baba ya ce in ya shafe katangar, ni zan zaɓi launi. Na ce kowanne ma, ban da ƙofar.

Idan za ki zo, ki sauka a ƙarshen titin kwalta ki bi layin bishiya. Ba sai na ba ki lamba ba. Ki nemi ƙofar da ta fi kowacce muni, ki ɗaga, ki shura.

Kowa yana gaishe ki. Ranar juma'a ki kira wayar Baba, ki ce a ba ni. Zan yi magana.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Kunkuru